Yaron da ya zaɓi Faransa

Da hutun damina na je gida Kwaya da kwamfutata, na buɗe wa ɗan ƴar'uwata wasan Age of Empires III. Wasa ne na kafa gari, tara dukiya da fita yaƙi, kuma kafin a fara sai ka zaɓi al'ummar da za ka jagoranta. Tun 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a ciki. Na zaci yaron zai yi murna. Ko kallon Hausa bai yi ba, ya danna Faransa.

Na ce masa, "Kai, ba ka ga naka ba?"

Ya ce, "Kawu, ai su suka ci mu. Ni ina son in ci."

Maganar gaskiya, ta fuskar wasa yana da hujja. Ma'aikatan Faransa sun fi saurin tara abinci da itace, dawakinsu masu sulke kuma ba su da wuyar sarrafawa. Hausa sai mai haƙuri: ka kiwata shanu, ka sayar a kasuwar dabbobi, ka gina fada da makaranta, sannan ƴan lifidi su fito. Mai gaggawa ba ya kaiwa nan.

Amma maganar tasa ta tsaya mini a rai. Abin da ya sani shi ne Faransawa sun shiga Zinder a 1899. Bai san Sarki Tanimun na Damagaram ya sa an ƙera igwa a birnin kafin zuwansu ba. Bai san Dungass da Wacha na cikin ƙasashen Sosebaki masu sarautar kansu ba. Wasan ma bai gaya masa ba, don Hausarsa Kano ce da Sarauniya Amina. A Civilization VII na 2025 ma an sa Amina cikin shugabanni, ga Songhai, mu na arewacin iyaka shiru.

Ban ga laifin masu wasan ba. Mu da ke zaune da yaran, me muka faɗa musu?

Da dare, bayan batirin sola ya mutu, na kai shi wurin kakarsa ta ba shi labarin Damagaram yadda ta ji daga iyayenta. Washegari ya zaɓi Hausa, aka ƙone masa gari cikin minti 20. Ya ɗago ya ce, "Kawu, nuna mini yadda ake sayar da shanun nan."