Daren da aka kira ni infoma

Ranar Litinin, washegarin kasuwar Illela, na ɗaure jaka da famfo da gorar ruwa a bayan keke, na nufi Argungu ni kaɗai. Inna ta ce, "Kai dai ba ka jin magana." Ban musa ba.

Kullum tafiyar iri ɗaya ce: in tuƙa daga asuba zuwa hantsi, in fake ƙarƙashin darbejiya har la'asar, sannan in ƙara kaɗan. Kafin Gwadabawa ƙaya ta huda min taya sau biyu, dole na koyi faci. Abincin rana kuwa fura da nono.

Bayan na wuce Sakkwato na shiga wani ƙauye gab da magariba, neman wurin kwana. 'Yan sa-kai suka tare ni, suka zazzage jakata, suka karɓi wayata suna duba hotuna. Wani saurayi ya ce, "Infoma ne." Gabana ya faɗi, don na san abin da kalmar nan ke jawo wa mutum. Mai gari ya duba katina na ɗan ƙasa, ya tambayi unguwarmu da sunan limaminmu. Ashe yakan kai shanu kasuwar Illela.

Ban ji haushinsu ba, mutane ne da 'yan bindiga suka hana barci. A zauren mai gari na kwana, aka kawo min tuwon gero. Da safe saurayin nan ne ya ba tayata iska, bai dai yarda mun haɗa ido ba.