Arahar Da Ta Hana Mu Barci

Babu gidan da ba a son araha. In maigida ya komo daga kasuwa da abin da ya saya ƙasa da kuɗinsa, uwargida takan yi murna, maƙwabta su leƙo su ce, "Kai, ka tsinci dami a kala!" Tun muna yara aka koya mana ciniki: mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara, har a kai ga sallama. Ba mu ga laifin wannan al'ada ba, gama da ita talaka yake tattalin 'yan kuɗinsa. Amma akwai wata irin araha wadda in ka kai ta gida sai ta zauna maka a ƙirji kamar dutse. Irinta ce ta shigo gidanmu, muka ga ya kamata mu ba 'yan'uwa masu karatu labari, domin mun tabbata ba mu kaɗai ta taɓa samu ba.

Kowa ya san yadda zama ya sāke tun ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da farashinta na gwamnati bai kai Naira 200 ba ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. A watan Yuni na 2023 darajar Naira ta faɗi ƙwarai, sai duk abin da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje ya yi tsada. Sabon babur ya fi ƙarfin malamin makaranta. Kowa ya koma neman na hannu, har na hannun ma ya yi tashin gwauron zabo.

Muna zaune a Birnin Kudu, makarantar Ikkilisiya da muke koyarwa kuwa tana wani ƙauye ta wajen Gwaram. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya riƙa cin albashi tun wata bai raba ba. Saboda haka muka ƙudura mu sayi babur. Uwargida ta yi shekara guda da 'yan watanni tana zubin adashi, muka sayar da awaki biyu, har muka haɗa Naira 400,000.

A watan Agusta na 2024 wani dillali ya aiko mana cewa an kawo Bajaj Boxer mai lafiya. Mai shi manomi ne daga wani ƙauyen Gwaram, yana kai kaya da shi kasuwar Sara, da rani kuma yana ɗan taɓa acaɓa. Takardunsa cif, lambar inji ta yi daidai da ta rasit. Bakaniken da muka tafi da shi ya tayar, ya saurari ƙarar injin, ya zaga da shi, sa'an nan ya raɗa mana cewa kada mu tsaya ja. Mai babur ya ce Naira 300,000. Ba mu taya ba, ba mu kushe ba. Muka ƙirga masa a gaban shaidu, muka ba dillali la'adarsa, muka hau muka nufi gida. Yara suka yi ta tsalle, da dare muka yi addu'ar godiya.

Bayan kwana uku muka kai shi juyen baƙin mai. Cikin hira bakanike ya ce da mai shi ya yi haƙurin mako biyu, da ba zai rasa Naira 450,000 ba. Muka tambayi abin da ya hana shi haƙurin. Ya ce matarsa ce take kwance a asibiti a nan Birnin Kudu, haihuwa ta zo da gardama, sai an yi mata aiki, kuma a ran nan ake bukatar kuɗin. Duk wanda ya tashi a karkara ya san Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai isa girbi ba, riɗi da gyaɗa suna gona, wanda za ka je wurinsa rance shi ma rance yake nema. Ba abin da mutumin yake da shi wanda zai zama kuɗi kafin faɗuwar rana sai babur ɗin nan.

A daren nan barci ya ƙaurace mana. Can cikin dare uwargida ta ce, "Maigida, idonka biyu?" Muka ce, biyu. Ta ce, "Ni tun da ka faɗa mini, in na dubi babur ɗin nan matar nan nake gani."

Da muka ba abokan aiki labari, suka ce, "Malam, kai ka kwantar da matarsa? Abin da ya yanka shi ka biya. Da ba ka saya ba, wani ne zai saya, watakila ma ya danne shi ƙasa da haka. Ai taimakonsa ka yi." Maganarsu da gaskiya a ciki, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Ba mu yi ƙarya ba, ba mu san halin da yake ciki ba, kuɗinmu kuma su suka biya aikin da aka yi wa matarsa. Ko gaban alƙali aka je, ciniki ya faɗa. To, me ya sa lamiri ya ƙi yin shiru?

Muka ɗauki mako guda muna bin wannan tambaya a lokacin addu'ar iyali. Abin da muka gane shi ne, araha ba iri ɗaya ba ce, sai a duba inda ta fito.

Akwai arahar da mai kaya ya bayar da ransa a kwance. An yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ba ya son jan kaya, ko mai hali ya sayi sabuwar mota yana so a kawar masa da tsohuwar. Ya san kuɗin abinsa, ya zaɓi sauri bisa riba. Wanda ya sami irin wannan ya karɓa da godiya, ya yi barcinsa. Ba kowane nauyin zuciya ne muryar Allah ba. Wani kunya ce kawai ta wanda bai saba da samu ba.

Akwai kuma arahar rashin sani. Gwauruwa ta fito da motar marigayi mijinta, ba ta san farashi ba, mai saye kuwa ya sani, ya yi shiru, ko ya shiga ƙirga mata aibin da babu. Karin Magana 20:14 ta zana hoton irin wannan mai saye, wanda yake kushe kaya a gaban mai shi, in ya juya baya kuma ya shiga yabon wayonsa. Wannan zamba ce ko da an yi ta a gaban shaidu goma.

Ta uku ita ce arahar matsi, ita ce tamu. Mai kaya ya san kuɗin abinsa sarai, amma wuƙa tana wuyansa. Bakinsa ya ce ya sallama, zuciyarsa ba ta ce ba. A Farawa sura 25 Isuwa ya komo daga jeji a galabaice da yunwa, Yakubu ya sayi matsayinsa na ɗan fari da kwanon fate. An yi rantsuwa, ciniki ya faɗa, amma bayan shekaru Isuwa bai manta ba, ya ambace shi cikin kukansa a sura 27. Yakubu ya san yunwar ɗan'uwansa kafin ciniki, mu kuwa sai bayansa muka sani. Wannan bambanci ya wanke mu daga zamba, amma bai mai da mu marasa sani ba. Tun daga ranar da labari ya shiga kunnenmu, tambayar ta daina zama ko mun yi daidai ran saye. Ta zama, me za mu yi da abin da muka sani yanzu?

Muka kuma lura da mutanen Allah biyu da aka miƙa wa araha suka ƙi. A Farawa sura 23 an yi wa Ibrahim tayin kogon Makfela kyauta domin ya binne Saratu, amma ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa. A 2 Sama'ila sura 24 Arauna ya so ya ba Sarki Dawuda masussukarsa da shanu kyauta, Dawuda ya biya shekel 50, domin bai yarda ya miƙa wa Ubangiji abin da bai ji zafin biyansa ba. Wannan ya taɓa mu, gama da babur ɗin nan muke zuwa koya wa yara Maganar Allah.

Ranar Lahadi bayan sujada muka kai maganar wurin wani dattijon Ikkilisiya, muka ce, "Baba, muna so mu kai wa mutumin nan ragowar Naira 100,000 da ta rage mana." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, in ka je ka ce ga cikon kuɗin babur, ba zai karɓa ba. Ya sallama a gaban mutane, mutuncinsa yana kan maganarsa. Kuma ba kuɗi kaɗai ya rasa ba, ƙafarsa ya rasa. Da me zai kai riɗinsa Sara in kaka ta yi?" Ya buɗe mana Littafin Firistoci sura 25. A can Ubangiji ya hana Isra'ilawa cutar juna cikin saye da sayarwa, ya kuma kafa dokar fansa: wanda talauci ya sa ya sayar da gonarsa, in ya sami hali daga baya yana da iko ya fanshe ta. Wanda ya sayar da gida a birni mai garu kuwa an ba shi shekara guda cur ya fansa. Baba ya ce, "Ba mu ƙarƙashin wannan doka kamar Isra'ila, amma tana nuna mana halin Allah. Ba ya so mummunan yini ɗaya ya raba mutum da abin neman abincinsa har abada."

Haka muka yi. Uwargida ta dafa abinci, ta haɗa sabulu da zane, muka tafi dubiya. An riga an sallame su, mai jego tana samun sauƙi, jariri kuma lafiya. Uwargida ta shiga ciki ta ajiye abin dubiya kamar yadda aka saba, ba wanda ya kira shi cikon ciniki. Mu kuwa muka zauna da maigidan a zaure muka ce, "Malam, babur ɗinka yana hannunmu. Daga yau har shekara ta kewayo, duk ranar da ka kawo abin da muka ba ka, ka ɗauki abinka." Ya daɗe bai ce kome ba. Da ya buɗe baki ya ce su ma Musulmi a karatunsu akwai abin da ake kira iƙala, watau a warware ciniki da yardar juna, kuma abin yabo ne ga wanda ya yarda. Ya ce bai taɓa zaton zai ji ta daga bakin malamin mishan ba.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo mana da sauƙi. Daga Satumba zuwa Nuwamba muka more babur, muka sāke masa taya da sarƙa, muka saba da isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Sau da yawa zuciya takan raya mana cewa watakila ba zai zo ba. A farkon Disamba, bayan ya sayar da riɗinsa, sai ga shi da Naira 300,000 a ƙulle cikin leda, da buhun gero wanda ya ce na taya da sarƙa ne, ya kuwa rantse ba zai koma da shi ba. Muka miƙa masa makulli da takardu. Ƙaramin ɗanmu ya yi kuka har ya ƙi cin tuwo. Muka koma bakin titi jiran mota. Sai bayan wata huɗu muka sami wani babur, wanda ya fi wancan tsufa, ya kuma fi shi tsada. In da lissafin kasuwa za a bi, mun faɗi. Amma tun ranar da muka dawo daga dubiyar nan barcinmu ya komo, kuma 'ya'yanmu sun ga da idonsu cewa abin da muke karantawa da dare yana da hannu a aljihunmu da rana.

Ba mu ce kowane gida sai ya yi yadda muka yi ba. Wani ba zai iya rabuwa da abin hawan ba, domin shi ma da shi yake ci da iyali. Irin wannan yana iya ƙara wa mai shi wani abu kaɗan kaɗan da kaka, ko ya riƙa ɗaukar masa kaya ran kasuwa, ko ya nema masa aiki. Hanyoyi suna da yawa ga wanda yake nema. Abin da ba shi da kyau shi ne a toshe kunne, a ce faɗuwar wani tashin wani. Wannan magana ta kasuwa ce, ba ta gidan Kirista ba.

Akwai kuma abin da ya fi sauƙi duka, wato tambaya tun kafin a ƙirga kuɗi. In ka ga farashi ya faɗi fiye da kima, ka ce, "Malam, lafiya kake sayarwa?" Tambayar nan takan tsare ka daga kayan sata, takan kuma buɗe maka halin maƙwabcinka. In ka tarar matsi ne, kana iya biyan abin da ya dace tun a wurin, ko ka ranta masa abin da zai fitar da shi ya riƙe abinsa.

'Yan'uwa, a wannan yanki namu na kudancin Jihar Jigawa mu Kirista ba mu da yawa. Yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa shiga ɗakin sujada su ji wa'azi ba, amma kullum suna ciniki da mu, suna kuwa lura. A lokacin tsanani irin wannan, kekuna da babura da kekunan ɗinki da shanun huɗa za su yi ta fitowa kasuwa a farashin hawaye. Ubangiji ya ba mu ido mu rarrabe arahar da take kyauta daga hannunsa da wadda take jarrabawa, ya kuma ba mu ƙarfin zuciya mu aikata abin da muka gane. Amin.