Hotunan zauren Kaka

Daminar da ta rushe zauren gidan kakanmu a birnin Zariya ba ta bar ko dungu ba. Zaure ne na ƙasa, mai baka biyu da zanen dagi a saman ƙofa, irin aikin maginan da suka yi ƙaranci yanzu. Da aka zauna maganar sake gini, Kawu ya kafe sai an mayar da zanen yadda yake. Magini ya ce a ba shi hoto. Nan na bugi ƙirji, domin na tuna Yaya ya ɗauki zauren a 2008 ya aiko mini ta imel, lokacin ana biyan kuɗin awa a shagon intanet.

Da na duba imel ɗin, saƙonni biyu na tarar. Na farko tsaf da shi: gaisuwa, sannan gurabe shida a jere, kowanne da lamba. Amma guraben fanko ne, sai ɗan akwati mai alamar tsagaggen hoto. Na biyu kuwa, wanda ya bi ta hannun mutum uku kafin ya iso gare ni, abin tsoro ne: haruffa da lambobi cakuɗe, layi bayan layi, ka yi ta ja ba ka ga ƙarshe ba. Saura ƙiris in goge shi, na ɗauka cutar kwamfuta ce.

Ɗan ƙanwata ne ya riƙe hannuna. Ya leƙa, ya ce, "Kawu, kada ka taɓa wannan. Ka ga ya fara da /9j/? Hoto ne."

A ranar na koyi abin da shekara da shekaru ina aika saƙo ban sani ba. Imel tun asalinsa rubutu kaɗai aka gina shi ya ɗauka. Sai a 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da tsarin da ake kira MIME, wanda ya ba da damar maƙala hoto ko sauti. Dabarar ita ce a mayar da hoton rubutu, da haruffa da lambobi da alamomi 64 kacal, ya yi tafiyarsa a haka, in ya isa manhajar mai karɓa ta mayar da shi hoto. Wannan juyin yana ƙara wa hoton nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa wani lokaci hoton da bai kai iyakar da aka yanka ba sai ka ga an ƙi karɓarsa. A kan hanyar namu saƙon, 'yan layukan da ke shaida wa manhaja cewa "ga hoto nan" sun lalace, sai ta zubo mini kayan cikin yadda suke. Yaron ya kwafe tarkacen nan, ya bi da su ta wata 'yar manhaja, kafin shayina ya huce sai ga ƙofar zaure a fuskar kwamfuta.

Saƙon farko fa? Shi babu magani. Yaya bai sa hotunan a ciki ba. Ya ɗora su a wani shafin ajiyar hotuna na kyauta, ya sa adireshinsu kawai, don layin shagon ba ya jan kaya mai nauyi. Muddin shafin na raye, kana buɗe saƙo za ka ga hotuna kamar a ciki suke. Da aka rufe shafin, sai ya zama kamar wanda aka ba takardar ajiya bayan rumbun ya ƙone. Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba: lokacin da shafin ajiyar hotuna na TinyPic ya rufe a 2019, tsofaffin rubuce-rubuce barkatai a intanet sun wayi gari da irin waɗannan gurabe.

Abin da ya fi ci mini rai ba rufe shafin ba ne, don wanda ya ba ka masauki kyauta ba ka tuhumarsa in ya tashi. Sakacinmu ne. A ƙarƙashin gurabe shidan nan babu ko kalma ɗaya da ta ce ga abin da ke ciki. Da Yaya ya rubuta "bangon gabas, zanen takobi biyu", da ko hoton ya tafi magini ya sami abin kamawa. Ni ma da na gan su a 2008, na ce madalla, na rufe, ban sauke ko ɗaya ba. Yanzu duk hoton da na damu da shi, maƙala shi nake yi, in rubuta bayaninsa a jikin saƙon, in canza masa suna daga lambar kyamara zuwa sunan wuri da shekara. 'Yan gida suna cewa na cika fi'ili. Ban musa ba.

Hoto ɗayan da ya tsira na kai aka wanke mini shi babba, na miƙa wa Kawu. Ya daɗe yana dubawa, ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta. Sannan ya ɗora yatsa a gefen hagu, inda hoton ya yanke, ya ce daga nan zanen ya ci gaba har kusurwa, kuma shi zai tsaya a kan magini ya nuna masa da sanda.