Sanyinna: Ki Tsaya Ki Kalli Allo

'Yar uwa, idan kin bar Sakkwato kin kama hanyar Jega, za ki wuce Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ki ci gaba har ƙasar Tambuwal, garin da aka san shi da ɗansa Muhammadu Buhari. Sanyinna na cikin wannan ƙaramar hukuma. In Allah Ya kai ki, kada ki tsaya ga gaishe-gaishen dangi kawai. Ki leƙa makarantar allo da hantsi, lokacin da ake rubutu.

Ki dubi hannun gardi da kyau. Harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, irin rubutun Magariba da muke karanta ruwayar Warshu da shi. Alƙalamin na kara ne, tawadar allo kuwa gawayi da ƙaro, don ta wanku. Ta takarda daban take, da 'ya'yan bagaruwa ake dafa ta, shi ya sa take shekara ɗari ba ta gushe ba. A Alƙur'ani rubutun hannu baƙi na harufa ne, ja na wasula, rawaya na hamza. Ga kuma zayyana a allon sauka, wadda wallahi ta fi katin biki da yawa kyau.

Da irin wannan hannu aka riƙa kwafar waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajinta na 'Yan Taru suna kai wa matan ƙauyuka. Ke nan mata ma gadonmu ne.

Abin da ke damuna shi ne, 'ya'yanmu na Islamiyya sun saba da bugun Madina na Hafsu. Madalla da hakan, amma ki miƙa wa yarinya warƙa ɗaya daga gafakar kakanta, sai ta yi tsuru-tsuru. Ajamin takardar kuɗi ma an cire shi daga ƙananan naira a 2007.

Kwamfuta dai ta fara kwaikwayonmu. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon harufa mai suna Alkalami, wanda aka ɗauko daga rubutun Kano mai kauri, kuma kyauta ake sauke shi. Yana kyau a katin walima ko na suna, sai dai kowane harafi fitowa ɗaya yake yi, babu inda tawada ta ɗan taru.

Kafin ki baro Sanyinna, ki roƙi tsofaffin gida su buɗe miki gafaka. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, don haka ki ɗauki hotonsu da waya bi da bi, kada su hautsine. Sannan a ɗaga su daga ƙasa kafin damina, saboda gara.