Ƙashin Gadafawa da Mujallar da Ta Dace da Shi

Ɗalibin da ya kammala bincike kan burbushin halittun da suka shuɗe, ko kan shimfiɗun yashi da laka waɗanda suka daskare suka zama dutse, yakan fara da tambayar wace mujalla ce ta fi suna. A ganina, akwai tambayar da ta riga wannan: wa ake so ya karanta aikin?

Amsar tana cikin aikin kansa. Wanda ya auna hawa-hawan duwatsun kwarin Iullemmeden, domin gano yadda teku ya taɓa malale yankin Tawa da Sakkwato, masu karatunsa suna Sedimentology ko Journal of African Earth Sciences. Wanda kuwa ya tono ƙashi a Gadafawa, cikin hamadar Tenere, inda duwatsun suka kai kimanin shekara miliyan 110, ya fi kusa da Cretaceous Research ko Journal of Vertebrate Paleontology. Nakan ce wa ɗalibaina su duba ayyukan da suka dogara da su. Mujallar da sunanta ya fi yawa a ciki, galibi nan ne zauren da ake tattauna maganarsu.

Sai batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato kuɗi. A 1999 aka raɗa wa Nigersaurus suna a mujallar Science, wadda ake biya kafin a karanta. Cikakken bayanin ƙoƙon kansa, mai haƙora sama da 500, ya fito a 2007 a PLoS ONE, inda ɗalibin Yamai ko na Agadas zai sauke shi kyauta. Sai dai a irin wannan mujalla marubuci ne ke biya. Shi ya sa nake daraja Palaeontologia Electronica da Geodiversitas ta Faransa: ba sa cajin marubuci ko mai karatu, ta biyun ma tana karɓar Faransanci. Ƙashin da aka tono a ƙasar mutane, haƙƙinsu ne su san abin da aka rubuta a kansa.

Mai raɗa wa sabuwar dabba suna yana da ƙarin nauyi. Bisa ƙa'idar 2012, aikin da ya fito a intanet kaɗai sai an yi masa rajista a ZooBank kafin bugawa, in ba haka ba sunan bai tabbata ba. Mujallun bogi, masu alkawarin bugawa cikin mako guda, ba su damu da wannan ba, balle tantancewar masana. Aikin shekara uku yakan nutse a cikinsu, don wata mujalla ba za ta sake karɓar abin da aka riga aka buga ba.

Mujallar kirki takan riƙe aiki watanni, ta dawo da shi cike da gyara. Wannan jira ba asara ba ce. Mai haƙuri, in ji Bahaushe, shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.