Na sayar da abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba

Shekara biyu na yi ina aiki a wani gidan abinci a Reims, arewa maso gabashin Faransa, lokacin da nake karatu. Kuɗin bursi ba sa kai ƙarshen wata, garin kuwa da shampan aka san shi. Baba a Damagaram na gaya mishi faranti nake wankewa. Ba ƙarya ba ne, ina wankewa. Amma ina kuma kai kwalba tebur, kuma na san abin da malamai suka faɗa kan mai ɗauka da mai miƙawa. Ban zo nan don in wanke kaina ba.

Kowace Litinin kafin a buɗe, maigidan yakan tara mu ya koya mana ɗanɗano. A ɗaga kofi a dubi launi, a shinshina, a kurɓa a juya a baki, sannan a tofar a bokiti. Ya ce mini ai ba haɗiyewa ake ba. Na ce ko a harshe ba zan sa ba. Ya dube ni jim, ya ce to ka yi da hancinka.

Hancin kuwa ya yi aiki. Cikin wata uku ina rarrabe farar giyar inabin sauvignon, mai ƙanshin ɗanyar ciyawa, da shampan da ya daɗe a ajiye, mai ƙanshin burodi da aka ciro daga tanda. Kwalbar da toshiyarta ta ɓata ta kuwa, warin jiƙaƙƙen kwali take yi, kuma sau da dama ni nake fara jin sa.

A nan na gane inda tsadar take. Doka ta ce inabin shampan da hannu ake tsinke shi. Daga kilo 4,000, lita 2,550 kaɗai aka yarda a matse. Bayan ya zama giya sai a zuba a kwalba, a ƙara sukari da yisti, a toshe, ya sake tsima a ciki. Daga nan kumfar take fitowa, ƙarfin iskar ya ninka na tayar mota wajen sau biyu zuwa uku. Sai a ajiye aƙalla wata 15 a ramukan alli na ƙarƙashin gari, shekara uku in na shekara guda ne aka rubuta a jiki. Wanda ya ce duk suna ne kawai ake saye, bai ga bayan masu tsinka a watan Satumba ba.

Amma sunan ma ana sayen sa. Akwai crémant, da ake yi a Alsace da Bourgogne da bakin kogin Loire, shi ma a kwalba yake tsima karo na biyu, sai dai ba shi da izinin amsa sunan shampan tunda ba a yankin Champagne aka noma shi ba. A takardarmu kuɗinsa bai kai rabi ba. Wata Litinin maigidan ya naɗe kwalabe da tsumma ya zuba mana, babban ma'aikacinmu mai shekara ashirin a aiki ya yabi crémant a matsayin shampan. Ya ji kunya, amma manyansa sun riga shi. A Paris, watan Mayu 1976, wani Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara suka ɗanɗana ba tare da ganin suna ba. A farar giya, Chateau Montelena ta Kalifoniya suka bai wa na ɗaya, sama da na Bourgogne ɗinsu.

Abin da ya sa ni rubuta wannan, wani tsoho ne da matarsa da suka zo murnar cika shekara arba'in da aure. Na ga yatsarsa tana gangarowa ta gefen kuɗi, ba ta gefen suna ba. Ta tsaya kan shampan mafi araha, yuro 55, wajen jika 36 namu. Ya tambaye ni ko yana da kyau. Na sunkuya na ce crémant ɗin da ke ƙasa, na yuro 26, ya fi shi, in ya yarda da ni.

Ya ce ka sha ne? Na ce a'a, ban taɓa ba, amma na shinshina dukansu. Matar ta yi dariya har da tari. Suka saya, suka shanye, suka bar mini yuro biyar a faranti.

Maigidan ya ji komai. Bayan an tashi ya kira ni ya ce a Reims ba a sauko da baƙo daga shampan, ko da gaskiya ce. Bai kore ni ba, ya dai mayar da ni madafa sati biyu. Daren nan na kira Baba, ya tambaye ni aiki, na ce ina nan wajen faranti.