Wayar Hannu da Iyakar Gona

Akwai wani ɗalibi a wannan jami'a wanda mahaifinsa ya rasu ya bar musu gona, gonar kuwa ta haɗa iyaka da ta baffansa, watau ƙanen mahaifin. Shekara guda kafin rasuwar, tsohon ya ja shi suka zaga gonar, yana nuna masa iyaka kusurwa-kusurwa. Shi kuwa da yake ɗan boko ne, duk inda suka tsaya sai ya ciro wayarsa ya adana wurin a taswira, yana ganin ya riƙe shaidar da ta fi takardar alƙali ƙarfi.

Da damina ta kama ya je gida hutu, ya tarad da baffan ya riga ya yi shuka. Ya buɗe waya ya bi alamar da ya adana, sai ga ta ta kai shi kunya huɗu cikin geron baffa. Zuciya ta ɗebe shi. Bai yi shawara da kowa ba ya nufi zauren tsohon bayan la'asar, ya gaishe shi sama-sama, ya ce, "Baffa, an shigo mana gona." Tsohon ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, gambar da ke tsakaninmu kakanka ne ya dasa ta. Wa ya ce maka ta tashi daga inda take?" Ya ce waya ce ta nuna. Baffa bai ƙara ko uffan ba. Daga wannan dare aka daina aiko da tuwo daga gidansa.

To, a nan ya kamata mai karatu ya san yadda wayar ke samun wannan labari, domin ba idanu gare ta ba balle ta ga gamba. Tsarin da ake kira GPS na sojojin Amurka ne. Sun harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala a 1995. Taurarin ɗan'adam ne da ba su gaza 24 ba, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana ta aiko da saƙon inda yake da lokacin da ya aiko. Aikin waya shi ne ta saurari aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa inda take. Saƙon yana tafiya ne da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Ashe ke nan in aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an kauce da mita 300. Abin mamakin ma shi ne yadda take kusantar gaskiya har haka.

Kafin watan Mayu na 2000, da gangan Amurka ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskuren yakan kai mita 100. Yau an bar wannan, kuma wayoyi da yawa suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai da na Sin. Duk da haka, a fili fetal, wayar da aka saba gani takan faɗi wuri ne da kuskuren kusan mita 5. Saƙon yakan yi jinkiri sa'ad da yake keta sararin samaniya, yakan kuma bugi gini ko reshen itace kafin ya iso. Kusurwar da ake rigima a kai kuwa gindin wata tsohuwar tsamiya ce. Bugu da ƙari, awo biyu ɗalibin ya yi, na ranar adanawa da na ranar dubawa, kowanne da nasa kuskuren. Mita 5 ba kome ba ce ga direban da ke neman hanyar Zariya, amma a gona kunyoyi ne masu yawa. Safiyo ma da ke neman awon da bai kauce da ko taƙi guda ba, sai ya kafa wata na'ura ta biyu a wurin da aka tabbatar da matsayinsa, tana gyara wa ta hannunsa lissafi.

Ɗalibin bai san wannan duka ba a lokacin. Abin da ya faru shi ne, bayan kwana biyu ya koma da sassafe don ya kafa turaku, sai alamar ta tsaya kunya biyu cikin gonarsu su kansu. Ya tsaya cik a jikin gambar, ya zura wa waya ido. Ƙafarsa ba ta motsa ba, amma shuɗin ɗigon nan yana ta yawo, ya leƙa gonar baffa ya dawo. Sai a sa'an nan ya lura da da'irar nan mai dishi-dishi da ke kewaye da ɗigon, wadda ya daɗe yana gani bai taɓa tambayar ma'anarta ba. Ita ce wayar ke gaya masa cewa yana wani wuri a cikin nan, ba ta san takamaimai ba. Da'irar ta haɗiye gambar da tsamiyar da kunyoyin huɗu gaba ɗaya.

Ya kwashi turakunsa ya koma gida. Da magariba ya roƙi mahaifiyarsa ta raka shi da baki, ta ce ba ruwanta, shi ya je shi kaɗai tun farko. Ya tafi, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa ya ce, "Baffa, na yi kuskure, a gafarce ni." Tsohon ya ce ya tashi, ba kome, kuma gobe ya zo da fartanya a yi noman farko tare. Tuwon dai sai da aka ƙara mako guda kafin ya dawo.